Fitilar Inji a Hanyar Sabuwa

Ƙanƙara, ranar Laraba, Satumba 2021

Zuwa ga taubashina Uwais, kasuwar Ƙofar Ruwa, Kano.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya. Ya kasuwa, ya maigidanka Alhaji? Mu nan alhamdu lillahi. Mai ɗakina Khairiyya ta warke daga zazzaɓin da ta yi, yaronmu Salim kuma haƙori yake fiddawa, ba ya barin kowa ya huta. Ka yi haƙuri da rubutuna, rabona da biro tun ina makaranta. Tun da aka yanke mamu sabis saboda 'yan bindiga, waya ta koma tocila, dole muka koma takarda. Rabo direban Kano zai kawo maka wannan.

Magana biyu ce, kuma a ɗaure suke da juna.

Ta farko Gwaggo Hussaina, mahaifiyarka. Na gamu da wani ɗan ƙauyenku a tashar Funtuwa, ya ce mani mutane sun fara watsewa daga ƙauyukan bayan Sabuwa, maƙwabtanta na dama da na hagu duk sun tashi. Ka san ƙafarta ba ta barinta hawa babur. Ta ba shi saƙo in zo in ɗauke ta.

Ta biyu motata. Wata fitila ruwan ɗorawa mai siffar inji ta kama a gabana, ta ƙi mutuwa. Kafin a hana motocin haya bin hanyar Sheme, na ɗauko fasinjan Faskari, mun wuce Ruwan Godiya kaɗan, sai ta ɗauke wuta ba ko tari. Uwais, ka san wurin. Wata mata ta fara salati, wani dattijo ya buɗe ƙofa ya shige cikin dawa. Na yi ta murɗa makulli a banza. Da motar ta ga dama don kanta ta tashi.

Wani bakanike ya ce filogi ne, na canza. Wani ya ce famfon mai, na canza. Har yanzu tana yi. Ba zan shiga dajin Sabuwa da motar da ke mutuwa lokacin da ta so ba, kuma ba wanda zai ara mani tasa zuwa can.

A Funtuwa na taɓa ganin ana sa wa mota kwamfuta ta faɗi ciwonta, amma mai ita ya koma Zariya. Kai da ke cikin kayan mota, ka zaɓo mani ƙarama wadda zan iya da kaina. Mai waya nake so.

Ɗan kawunka,
Gide

Kano, ranar Asabar

Yaya Gide,

Wa alaikumus salam. Na gode Allah da jin lafiyarku, a shafa mini kan Salim. Ni lafiyata ƙalau, sai dai tun da na karanta zancen Inna abinci ya ƙi shiga. Da a ce Alhaji bai tafi Legas ya bar mini makullan shago ba, da ni za ka gani a ƙofar gidanka, ba takarda ba.

Abin da kake nufi sikana muke ce mata. Na zagaya layin masu sayarwa, iri uku ne. Akwai babba kamar allon ɗan boko, ta manyan gareji ce, kafin ka koye ta damina ta zagayo. Akwai ta hannu mai ɗan gilashi da maɓallai. Akwai kuma ƙarama kamar kwalin ashana, wadda ake cusawa a mota ta yi magana da wayar mutum ta bulutut. Tunda ka ce mai waya kake so, ita na saya, ga ta cikin ledar nan. Masu shago sun ce ta fi bayani, har zafin inji tana nunawa.

Ka leƙa ƙarƙashin sitiyari, wajen gwiwarka, za ka ga wata kafa mai layi biyu na ƙananan ramuka. Nan za ka cusa ta. Sai ka sauke manhajarta a wayarka, sunan yana jikin kwalin. Ka kunna makulli ba tare da ka tada inji ba, za ta ba ka lamba mai farawa da harafin P. Ka rubuto mini lambar.

Don Allah ka hanzarta, taubashi. Dama an ce ku 'ya'yan kawu sanyin jiki gare ku, kada ka tabbatar da zancen a kan uwata.

Uwais

Ƙanƙara, ranar Talata

Uwais,

Salamu alaikum. Muna lafiya, da fatan kai ma haka. Saƙo ya iso.

Da na buɗe ledar na daɗe ina kallon abin a tafin hannuna. Uwais, zaman Kano ya cinye maka kai ne? Na ce maka mai waya, wato mai igiya, wadda ake jonawa a gani da ido kamar ta mutumin Funtuwa. Kai kuma ka aiko mani wadda sai da wayar salula. A ina zan sauke manhajar? A rijiya? Ba a farkon takardata na gaya maka ba mu da sabis ba? Masu neman yin kira sai sun yi tafiya har wajen iyakar jiha su tsaya bisa tudu. Kuma ni wayata mai maɓalli ce, babbar tun bara ta faɗa ruwa.

Duk da haka na gwada. Na samu kafar da ka ce, na cusa, wata 'yar fitila ja ta kama, shi ke nan. Na ari wayar wani malamin makaranta, muka yi ta dannawa har batir ya ƙare, ba abin da ya fito.

Zancen sanyin jiki kuma, na san wasa kake, amma bai ba ni dariya ba. Ni ke kwana ina tashi da hanyar nan. Jiya an tare motar icce tsakanin Dandume da Sabuwa, direban abokina ne, har yanzu ba labarinshi. Gwaggo ta sake aikowa, ta ce maganin hawan jininta ya ƙare, kuma cikin lungunsu gida uku suka rage masu hayaƙi. Kai kana shago da fanka bisa kai kana ce mani in hanzarta.

Ga abarka na maido. In za ka iya, ka canzo mai igiya. In ba za ka iya ba ka faɗa mani, in tafi haka nan, abin da Allah ya rubuta shi zai faru.

Gide

Kano, ranar Alhamis

Yaya,

Salam. Ina lafiya. A tsaye nake rubutu, Rabo ya gama lodi yana ta matsa mini oda.

Ka gafarce ni. Na karanta kalmar da idon ɗan birni, na manta inda kake. Wasan ma na janye shi.

Ga ta hannu, mai igiya. Na ƙi wata mai kyan gani saboda sai an yi mata caji, na san halin wutarku. Wannan ba ta da batir ko ɗaya, daga jikin mota take shan wuta, kana jona ta gilashin zai kawo haske, kana zare ta ya mutu. Na gwada ta a motar maƙwabcin shagonmu a gaban mai sayarwa, tana aiki. Maɓallin sama na karantawa ne, na ƙasa na gogewa. Ka karanta, ka rubuta lambar, ka aiko mini. Bayan nan ka goge ka gani ko fitilar za ta dawo.

Kada ka tafi haka nan. Ka gaida Khairiyya.

Uwais

Ƙanƙara, ranar Lahadi

Taubashi,

Assalamu alaikum. Kowa lafiya, haƙorin Salim ya fito, gida ya samu sauƙi. Ni ma ka yi haƙuri da zafin takardata ta baya, rai ne ya ɓaci.

Wannan ita ce! Ina jonawa ta kawo haske. Lambar da ta ba ni ita ce P0335, da wani dogon Turanci a ƙasa wanda ban gane ba. Na yi yadda ka ce, na danna na ƙasa na goge. Uwais, fitilar nan da ta hana ni sukuni sai ga ta ta mutu. Na tada mota na bar ta tana aiki a ƙofar gida, na zagaya gari da ita har bakin kasuwa na dawo, ba ta kama ba. Ka ce in gani ko za ta dawo, to ba ta dawo ba. Ina jin dattin da ya toshe mata kai ne abin ya share. Allah ya yi maka albarka, da na san haka da ban wahala da bakanikai ba.

Na samu mai a gidan man da aka bari shina sayarwa, bayan dogon layi. Jibi in sha Allahu da hantsi zan kama hanya ta Funtuwa da Dandume, in ɗauko Gwaggo mu juyo kafin la'asar. Khairiyya ta share mata ɗaki. Takarda ta gaba da bakin Gwaggo za a rubuta maka ita.

Gide

Kano, ranar Talata

Yaya Gide,

Salam. Allah ya sa wannan ta same ka a gida. Rabo bai kawo mini takardarka ba sai yau da safe, ya ce rashin mai ya tsayar da shi a Malumfashi. Na ba wani direban daban wannan, na roƙe shi ya kai hannu da hannu.

KADA KA TAFI.

Gogewa ba gyara ba ne. Sikana ba ta warkar da mota, faɗin ciwo kawai take yi. Da ka goge, bakin motar ka rufe, ciwon yana nan. Laifin rubutuna ne, na gajarta saboda sauri. Nufina ka goge, ka yi doguwar tafiya a hanya mai aminci, ka gani.

Na kai lambar wurin wani tsohon mai gyaran wutar mota a bayan layinmu. Ya ce sensar kiranshaf ce, ƙaramar aba da ke gaya wa ƙwaƙwalwar mota cewa inji yana juyawa. In ta fara lalacewa, da sanyi tana aiki lafiya, sai inji ya ɗau zafi ta ɗauke, mota ta mutu, ba za ta tashi ba sai ta huce. Shi ya sa zagayen gari bai nuna maka komai ba. Daga Ƙanƙara zuwa Funtuwa za ta gasu, wato daidai bayan Dandume za ta kashe maka motar.

Ina neman sensar irin motarka yanzu haka. Ka jira ta. Inna ta jira makonni, za ta iya ƙara kwana biyu. Na fi son ta jira a ɗakinta da ta jira a bakin daji.

Uwais

Ƙanƙara, ranar Alhamis

Malam Uwais,

Assalamu alaikum. Khairiyya ce matar yayanka. Ina gaishe ka, ina fatan kana lafiya. Ni da Salim jikinmu lafiya.

Takardarka ta iso jiya da azahar. Ka yafe mani, na buɗe ta, don na ga an rubuta gaggawa a bayanta. Baban Salim ya riga ya tafi tun shekaranjiya da hantsi. Har yanzu da nake rubutu bai dawo ba.

Ya tafi da fara'a, ya sa abin nan naka a aljihun gaban mota, ya ce in dafa tuwo mai laushi saboda haƙoran Gwaggo. Na dafa, na ɗumama, na sake dafa wani.

Na je tasha da kaina, abin da ban taɓa yi ba. Wani direba ya ce ya gan shi a Funtuwa shina shan ruwa, lafiya lau. Wani ya ce ya gan shi ya wuce shingen jami'an tsaro na Dandume. Daga nan ba wanda ya san komai. Wani ɗan kamasho ya fara cewa an ga mota irin tashi a gefen hanya ƙofofi a buɗe, sai sauran suka harare shi ya yi shiru. Na tambaye shi wace kala ce, ya ce bai lura ba.

Na karanta takardarka har na haddace inda ka ce daidai bayan Dandume. Ba ina ɗora maka laifi ba ne. Amma ka san mutumin nan, in ka ce mashi ka gani ko za ta dawo, sau ɗaya zai duba.

Yayana na Faskari ya ce gobe zai bi motar farko zuwa Dandume ya yi cigiya. Wayata na kusa da ni, na san ba sabis, amma ina ta duba ta. In su ne suka ɗauke shi, ta ina ma za su kira mu?

Ka sa mu a addu'a. In akwai wanda ka sani a Sabuwa, ka aika.

Khairiyya

Ƙanƙara, ranar Lahadi

Uwais,

Assalamu alaikum. Ina raye. Gwaggo na nan cikin ɗakin da aka share mata, ta ci abinci, an sayo mata maganinta, ta ce in gaya maka ka daina rama. Rabo ya ce Alhaji ya dawo kana shirin tahowa. Ka taho, amma ka taho da sensar. In ka ga rubutun ya karkace, wuyan hannuna ne ke ciwo.

Yadda tsohon mai gyaran wutar nan ya faɗa maka haka aka yi. Na wuce Dandume, na shiga inda itatuwa suka rufe hanya, fitilar ta dawo, motar ta mutu. Ba gida, ba gona, ba motsin kowa. Na fiddo sikana na durƙusa ƙarƙashin sitiyari na jona, ina nufin in sake gogewa, don a lokacin na ɗauka shi ne maganin. Ina cikin dannawa na ji ƙarfe mai sanyi a ƙeyata.

Ba 'yan bindiga ba ne. 'Yan sa-kai ne na wani ƙauye da ke kusa, waɗanda aka kai wa hari a makon, kuma sun tabbata wani ne ya nuna hanya. Sai ga baƙo ya tsaya a mugun wuri, shina ɓoye da na'ura mai haske a ƙasar da wayar kowa ta mutu.

Wani dogo mai jajayen idanu, sunanshi Almu, ya ce, "Da wa kake magana?"

Na ce, "Da mota."

Ya mare ni. Ya fizge abin, igiyar ta zare, gilashin ya mutu. Ya ce, "Kunna ta." Na ce ba ta kunnuwa sai a jikin mota, ku bari in mayar ku gani. Ya ce, "Don ka ƙarasa kiransu ko?" Da igiyar shanu ya ɗaure ni, hannu ta baya. Suka sa shanu suka ja motar zuwa ƙauyen, ni kuma suka kulle ni a wani ajin makaranta da ba kowa.

Ina jin su ta taga suna gardama. Wasu na cewa a miƙa ni ga hukuma, wasu na cewa ba sai an wahala ba. Wani ya kawo batirin tocila suna gwadawa ko za ta kama. Duk wanda ya leƙo sai in ce mashi, ni Gide ne daga Ƙanƙara, ɗan wan Hajiya Hussaina mai ciwon ƙafa, ku tambaye ta. Wani dattijo, Malam Mas'udu, shi ne ya ce ba wanda zai taɓa ni sai an tambayo.

Uwais, uwarka ba saƙo ta aiko ba. Da kanta ta zo, a amalanken shanu, da ƙullin kayanta a cinya. Aka fito da ni. Ta dube ni, ta dubi igiyar, ta ce, "Wa ya ɗaure mani ɗa? Ni na yanke mashi cibi. Ni na kira shi. Ku kwance shi ko ku haɗa da ni."

Malam Mas'udu ya ce, "Hajiya, mun ji, amma abin nan hwa?" Sai aka kai ni wurin motar, gari duk ya taru. Na jona, ta kawo haske. Na zare, ta mutu. Na ba dattijon ya yi da hannunshi, ya jona ya zare, ya jona ya zare. Ya juya ya ce masu, "Wannan ko maƙwabci ba ta iya kira." Na murɗa makulli, motar da ta kwana biyu tana hucewa ta tashi bugu ɗaya.

Muna sa kayan Gwaggo a but sai ga Almu ya zo ya tsaya, bai kalle ni ba. Malam Mas'udu ne ya yi magana a madadinshi. Ashe ƙanen Almu na kwance tun ranar harin da harsashi a cinya, ƙafar ta fara wari, kuma ba motar da ta shigo garin sai tawa. Na dubi Gwaggo. Gwaggo ta ce, "Ku ɗauko shi, ni na zauna gaba."

Haka muka taho, yaron a kwance a baya, kanshi bisa cinyar Almu. Na gaya masu gaskiya tun kafin mu tashi, motar nan za ta mutu a hanya kuma sai ta huta take tashi. Ta kuwa mutu, ba sau ɗaya ba. Duk inda ta tsaya, sai Almu ya zare cinyarshi a hankali, ya fita da gorarshi, ya juya mamu baya shina fuskantar daji, ba ya motsi har sai ya ji inji ya kama. Ni kuma in buɗe bonet in zauna ina kallon bayan mutumin da ya so a kashe ni shekaranjiya. Gwaggo kuwa na ta jan carbinta.

A ƙofar asibiti a Funtuwa, bayan an shiga da yaron, ya dawo wurin motar. Ya kama hannuna ya juya shi, ya ga inda igiyar ta ci fata. Ya ce, "Malam Gide, ka yahe mani."

Na ce mashi Allah ya ba ƙanenka lafiya. Da zuciya ɗaya na faɗi wannan. Ɗayar maganar kuma, ta yafiya, na buɗe baki ta ƙi fita, ya jira, ya ga ba ta zuwa, ya sake mani hannu ya koma ciki.

Daga nan ni da Gwaggo muka kamo hanyar gida. In ka gyara mani motar, ina so ka raka ni Funtuwa mu duba yaron. Wataƙila kafin nan bakina ya buɗe.

Ɗan kawunka,
Gide